Abin Da Dada Ta Gaya Wa Wule

Dutsin-Ma, Yuni 1958

Zuwa ga Rekiya, gidan Malam Hudu tela, Kurfi.

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Malam da yara. Ni lafiya lau, sai ɗan tari da ruwan farko ya bar mini, irin wanda na saba. Ki gaishe da Malam Hudu, ki ce har yanzu ina yi masa jaje, don wanda ya auri taubashiyata ya ɗauki kaya. Tun da kakanki da kakata suka fito ciki ɗaya aka haɗa ni da ke wasa, ba kuwa zan fasa ba. Na ji an ce kin gama ajin yaƙi da jahilci har an ba ki takarda. To, yau za a gani, ko karatun gaske ne ko malamar ce ta gaji da ke ta sallame ki.

Ga abin da ke tafe da ni. An karɓe ni a makarantar malaman dabbobi ta Vom, can ƙasar Jos, za a buɗe bayan damina. In zan tafi sai na ajiye aikin En'e, ba za a riƙe mini gurbi ba. Mutanen ofis sun ce taɓin hankali ne, mutum da albashinsa da kekensa ya koma zaman benci.

Ba su ga abin da na gani ba ne. Bara wani likitan dabbobi ya zo rangadi da madubi mai ƙara girman abu. Ya ɗiga jinin wata saniya mai sammore a kan gilashi, ya ce in leƙa. Rekiya, tafki guda na gani a cikin ɗigon jinin nan, ga waɗansu abubuwa suna ta iyo kamar 'ya'yan tarwaɗa. Shekara da shekaru ina soka wa shanun mutane allura, ashe ban san da wa nake faɗa ba. Tun ranar in na rufe ido sai in ga tafkin nan. Ina so in koma in leƙa har in gane.

Amma ba inda zan je sai Dada ta yarda. Tun rasuwar Baffa mahaifina ba ni da wanda zan nemi izininsa sai ita, kin kuwa san yadda muke. Ni ne ɗan farinta, kunya ba ta bar ta ta taɓa kiran sunana ba. In na shiga ruga ta wannan gefe, ta fita ta wancan. In dole ta ambace ni sai ta ce "mai keken nan". Na san tana sauke ƙwaryar nono a gidanku ran kasuwa. Ki gaya mata a hankali, ki rubuto mini abin da ta ce. Ki fara da tambayar lafiyar Wule, saniyata mai farin goshi, jikar karsanar da aka ba ni ran suna. A duk abin da ya shafe ni, maganar Wule kaɗai take amsawa.

Garba mai gishiri zai kawo miki wannan, shi za ki ba amsa.

Naki, Tukur.

Kurfi, Yuni 1958

Zuwa ga Malam Tukur mai allura.

Takardarka ta iso, na karanta da kaina, ba wanda ya taya ni, sai dai rubutunka kamar kaza ta bi ta kan tawada. Muna lafiya. Malam Hudu ya amsa gaisuwa, ya ce jajen ya karɓa. Ni kuwa na ce shi za a yi wa barka, kai ne abin jaje, ƙato da gemu zai koma a riƙa kiran sunansa da safe yana cewa na'am.

Wai tafki a cikin jini! Mu nan tafkin bayan gari ya ishe mu, shi ma sauro kawai yake ba mu. Amma ka ba ni sha'awa, ba zan ɓoye ba. Jiya ƙaya ta soke ni, na tsaya ina kallon jinin har Malam ya ce ko lafiya.

Dada ta zo ran kasuwa. Wule lafiyarta ƙalau, ta haifi maraƙi namiji, kai da shi ba a san wanda ya fi wani wayo ba. Na gaya mata maganarka. Ta gyara zama, ta dube ni, ta ce, "A gaya wa Tukur ɗana ya tahi, na yarda, Allah shi kai shi lahiya." Ka ji. Sai ka fara ɗaure tabarma, ka sayi allo da tawada.

Sauran bayani sai takarda ta gaba, Garba yana ƙofa yana ta sallama kamar zai tsage zaure.

Taubashiyarka da ta fi ka, Rekiya.

Dutsin-Ma, Yuli 1958

Rekiya,

Ina fatan kuna lafiya. Yau ba zan tsokane ki ba, ki huta.

Da Garba ya ba ni takardarki ban buɗe a ofis ba. Na hau dutsen nan namu da la'asar, inda ake hango gonaki har iyakar gani, gero ya yi kore shar, hadari yana haɗuwa can gabas. Nan na karanta. Na zo kan layin nan na kasa wucewa. Na karanta, na sake karantawa, har yayyafi ya fara taɓa takardar na cusa ta cikin riga.

"Tukur ɗana." Rekiya, ban taɓa sanin yadda sunana yake a bakinta ba. Ina yaro nakan laɓe bayan bukka in ji tana kiran ƙannena ɗaya bayan ɗaya, in riƙa jira ko za ta yi kuskure ta haɗa da ni. Ba ta taɓa kuskuren ba. Na san al'ada ce, na san ba ƙi ba ne, amma sanin bai hana yaro jira ba. Don Allah ki gaya mini yadda ta faɗe shi. Ta ja shi ne, ko ta datse? Ƙasa take kallo ko ke? Na yi kuka a kan dutsen nan, ba na jin kunyar gaya miki.

Washegari na kai takardar ajiye aiki. Ƙarshen Satumba zan mayar da keke da akwatin allura. Daga nan ban san me za ta riƙa kirana ba, tun da ba sauran keke, amma yanzu ai tana da abin kira.

Ina ta mafarkin Vom. An ce duwatsu ne da sanyi, gajimare yana saukowa har ya taɓa kan shanu. A mafarkin ina tafiya cikin gajimaren nan, wata murya tana kirana daga baya, ba na juyawa don kada ta daina.

Allah ya saka miki da alheri.

Tukur.

Kurfi, Agusta 1958

Tukur,

Muna lafiya, amma ni ba lafiya ba tun da na karanta takardarka. Gulbi ya cika, Garba ya yi kasuwa uku bai ƙetaro ba, sai shekaranjiya ta zo hannuna. Da ta zo da wuri, da wataƙila na tare ka.

Wasa nake yi. Dada ba ta faɗi haka ba. Wallahi na ɗauka da ka ga sunan nan za ka yi dariya ka ce Rekiya ta fara, don duk wanda ya san Dada ya san sai dai a ce kura ta yi sallah. Na saba tun muna yara in ce maka an zo da alewa ka fito da gudu, kai ma ka rama. Ban san akwai wurin da ba a taɓawa ba. Na ce sauran bayani sai takarda ta gaba, ga shi gulbi ya riƙe ta gaban.

Ga gaskiyar abin da ya faru. Na tambaye ta Wule, ta amsa da fara'a. Na ce mai keke zai bar aiki ya tafi karatu ƙasar Jos, yana neman yardarki. Ta dubi ƙwaryarta, ta gyara faifai, ta sake gyarawa. Can ta miƙe ta ce rana ta yi, alhali ko azahar ba a kira ba. Ta tafi ta bar ludayinta a tsakar gidana, yana nan na rataye. Ban san ko i ba ne ko a'a.

Magana zarar bunu ce, na zare, ba ni da yadda zan mayar. Ka yafe mini. In za ka zage ni ka zage ni da gaske, na cancanta.

Rekiya.

Dutsin-Ma, Satumba 1958

Zuwa ga uwargidan Malam Hudu.

Bayan gaisuwa. Takardarki ta same ni. Na daɗe ban amsa ba saboda muna daji wajen allura, kuma ba ni da abin cewa.

Ba zan zage ki ba. Laifina ne, ni da na manta da wa nake magana. Matar da ta tashi ta bar ludayinta ai ta ba da amsa. Na yi wa babban malaminmu na ofis magana, ya ce in na nemi a janye takardata kafin wata ya ƙare za a duba. Zan rubuta wa makaranta su ba wani gurbina. Tafkin nan ya yi ta zamansa, ba da ni aka yi shi ba.

A gaishe da Malam.

Tukur.

Kurfi, Satumba 1958

Tukur,

Wai "uwargidan Malam Hudu". Gara ka mare ni da wannan. Muna lafiya, kada ka rubuta wa kowa komai sai ka gama karanta takardar nan.

Na nemi izinin Malam na tafi ruga wajen Rawayau, na ce ludayi na kai. Na kwana can. Ban tayar da maganarka ba, ita ma ba ta tayar ba, muka yi ta hirar tsadar gishiri kamar ba komai.

Da gari ya waye na fito, raɓa ta jiƙa ciyawa, hayaƙin garke yana kwance ƙasa ƙasa bai tashi ba. Dada ta kwance maraƙin Wule daga dangwali, ya ɗan tsotsa, ta janye shi ta durƙusa tatsa. Ina tsaye bayanta, ta san ina nan, don inuwata tana kan ƙwaryarta. Sai na ji tana magana. Na ɗauka da ni take, na matsa. Ashe da saniyar take.

Ta ce, "Ke Wule, an ce mai ke zai tahi ƙasar duwatsu. An ce sanyi gare su. Shi ko tun shina ƙarami sanyi ba ya barin ƙirjinshi. Wa zai gaya mishi ya riƙe abin ruhwa?"

Ta ci gaba da tatsa. Can ta ce, "Uwarki sammore ta kashe, muna tsaye muna kallo, ba mu san mi za mu yi ba. In akwai inda ake koyon abin, ya tahi mana. Mi zai zauna yi? Ni dai ban ce komi ba."

Ta ɗauki ƙwarya ta wuce ni kamar ba ta gan ni ba. Na tsaya nan ni da Wule muna kallon juna, ni ina hawaye ita tana tuƙa.

Ba ƙi ba ne ya tashe ta ran nan, Tukur. A gidana ba ta da wanda za ta gaya wa, shi ya sa ta yi sauri ta koma gida.

Rekiya.

Dutsin-Ma, Satumba 1958

Rekiya,

Lafiya lau. Na yaba miki, kin ƙware. Wancan karon kin sa magana a bakin Dada, wannan karon kin nemo shaidar da ba za a iya tambaya ba. Har da raɓa da hayaƙi! Malamar ajinku ta iya koyarwa.

Na san tausayina kike ji, kina so ki gyara abin da ya ɓaci. Amma ba zan tafi ƙasar mutane a kan tatsuniya ba. In na tafi alhali ranta bai so, ko me na leƙa a madubin nan fuskarta zan gani. Takardar da na rubuta wa makaranta tana aljihuna, in motar wasiƙu ta zo zan ba da ita.

Abin da ya fi ba ni haushi, ina son in yarda. Jiya na iske kaina ina tambayar wata saniya a bakin kasuwa ko gaskiya ne.

Tukur.

Kurfi, Satumba 1958

Kai Tukur,

Ba gaisuwa yau. Zuwa da kai ya fi saƙo. Keken nan da ake kiranka da shi, ba don a hau aka yi shi ba? Ka kwana Rawayau, ka isa ruga lokacin tatsa. Ka jingine keken nesa, don ta san ƙararsa, in ta ji za ta shige bukka. Kada ka tsaya gaishe ta kana jiran amsa kamar baƙo. Ka je ka kama maraƙin Wule ka riƙe, ai aikinka ne, kai malamin dabbobi. Ka rufe bakinka, in ka iya.

In ƙarya nake yi, kada ka ƙara kirana taubashiya har abada. Ka san ban taɓa sa wannan a caca ba.

Rekiya.

Ni ne Hudu. Malam Tukur, ni ba wasa tsakanina da kai. Matar nan ta daina tsokanar kowa a gidan nan, har yara suna tambaya ko ba ta da lafiya. Ka je.

Vom, Nuwamba 1958

Zuwa ga taubashiyata Rekiya, wadda ta fi ni sau ɗaya tak.

Gaisuwa mai yawa, ke da Malam Hudu da yara. Ki dubi saman takardar nan ki ga daga inda ta fito. Ina lafiya. Sanyin gaskiya ne, gajimaren ma gaskiya ne, da safe sai ka ga shanu rabinsu a ƙasa rabinsu a sama. Ana kiran sunana ina cewa na'am, kamar yadda kika yi mini fata. Daga ruga na so in biyo ta Kurfi, amma da na koma ranar sai mayar da kayan En'e da neman mota, ki yi haƙuri.

Na je, na yi yadda kika ce. Na bar keke a gindin wata ƙirya na ƙarasa da ƙafa, takardar makaranta tana aljihuna. Dada ta riga ta durƙusa gefen Wule. Na kama maraƙin, yana ta fizga. Ta ga ƙafafuna, na ga bayanta ya ɗan ƙame, na ce shi ke nan, yanzu za ta tashi. Ba ta tashi ba. Ta juya fuska wajen cikin saniyar ta ci gaba da tatsa. Muka daɗe haka. Ban taɓa zama kusa da ita kamar ranar ba, har ina jin ƙamshin man shanun da ke gashinta.

Sai ta ce, "Wule, wai har yanzu bai tahi ba? Mi yake jira?"

Na dubi farin goshin nan, na ce, "Wule, ki ce yana tsoro ne. Yana tsoron kada a ce ya bar gida ba da yarda ba."

Ta ce, "Ji wauta, Wule. Wanda aka ba kakarki tun shina cikin zane, wa zai hana shi neman maganin jikokinta? Ki ce ya tahi. Ki ce ya riƙa cin abinci, an ce ya rame."

Na ce, "Ki ce zai ci."

Ta ce, "Ki ce ya dawo."

Na ce, "Ki ce zai dawo, in Allah ya so."

Rekiya, wannan ce hira ta farko da na taɓa yi da mahaifiyata, kuma duk da saniya muka yi ta. Ta tashi da ƙwarya ta shiga bukka. Na ɗauka an gama. Sai ga ta da gwado sabo, saƙar hannu, mai kauri. Ba ta dube ni ba. Ta shimfiɗa shi a gadon bayan Wule, ta lallaɓa, ta ce, "Wanga naki ne, ki yi yadda kika so da shi." Ta wuce wajen sauran shanu. Ni kuwa Wule ta ba ni, na karɓa na gode mata. Shi nake rufa da shi yanzu, har yau da ɗan warin garke a jikinsa, ba kuwa zan wanke ba.

Ba ta faɗi sunana ba. A hanya na lura ban ma jira ba.

Na yafe miki tuni, amma ramuwa tana nan, ki zauna da shiri. Kafin nan ga aiki. Akwai 'yar takarda a cikin wannan, ba taki ba ce. In Malam ya yarda, ki kai ta ruga, ki tsaya inda kika tsaya ran nan, ki karanta da ƙarfi lokacin tatsa. Kada ki ƙara ko kalma ɗaya taki, na san halinki.

Naki, Tukur.

Zuwa ga Wule.

Ina gaishe ki, ina gaishe da maraƙinki. Na iso lafiya. Ina cin abinci. Gwadon da kika ba ni ya hana sanyi, tun da na zo ko tari ban yi ba. Na sake leƙa madubin, an fara gaya mini sunan abin da ya kashe uwarki. In akwai wadda take tatsarki da safe, ki ce mata mai keken nan ba shi da keke yanzu, amma duk abin da ta kira shi zai amsa.